Abin da Taya Ta Faɗa wa Yayana

Yayana bai taɓa fara duban fuskar mutum ba. Idan ka zo wurinsa, idonsa ƙasa yake fara sauka, ya ga abin da ya ɗauko ka, sannan ya ɗago ya amsa gaisuwa. Shekara talatin da takwas ya yi yana facin taya a bakin titin da manyan motoci ke bi su fita gari, da injin iska ɗaya, da bahon ruwan da ya yi baƙi ƙirin, da benci mai ƙafa uku da rabi. A wannan zaman ne ya yanke wa kansa hukuncin cewa duk abin da ake son sani game da ɗan Adam yana rubuce a jikin tayarsa, sauran kuwa surutu ne.

Abin haushin shi ne yakan dace. Ranar da marigayi mijina ya fara zuwa gidanmu a kan keke, Yaya bai tambaye shi ɗan wane ne ba. Ya tsuguna ya shafa tayar baya, ya murza ta gaba, ya shigo ya gaya wa mahaifiyarmu cewa mutumin kirki ne, yana goya mutane da kayansu kyauta, kuma ba zai taɓa yin arziki ba. Shekara ashirin da shida na zauna da mutumin nan ban sami kalma ɗaya da zan gyara wa Yaya ba. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu shekara tara. Tun ina rarrafe yake da gaskiya, kuma tun ina rarrafe abin yake ci mini rai.

Da bayansa ya fara ƙin miƙewa, ga kuma wani sabon shago da aka buɗe a gabansa mai injin cire taya, sai ya sayar da wurin ya koma gida. Mutumin da ya saba da hayaniyar titi bai iya zaman gida ba. Cikin wata biyu ya gyara duk abin da ke gidan, har da waɗanda ba su lalace ba, matarsa ta fara aikensa kasuwa sayen abin da take da shi. Ana nan sai wani tsohon direba ya ba shi labarin hannun jari: ka ba kamfani kuɗinka, ka zama ɗaya daga cikin masu shi, in ya ci riba a ƙarshen shekara a gutsuro maka. Kafin a gama bayani Yaya ya ce ya san wanda zai saya. Akwai wani kamfanin fenti a bayan gari da motocinsa suka yi shekaru suna tsayawa wurinsa shan iska, tayoyinsu kullum sababbi, direbobinsu ba sa neman ragi. Ya sayi ɗan abin da ƙarfinsa ya kai, shekara ta zagayo aka turo masa ribar da ta isa sayen rediyo. Daga ranar kunnuwan dangi ba su ƙara hutawa ba.

A shekarar ne na yi ritaya. Shekara talatin da biyu ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, ina zaune a gidan haya, ina gina ɗaki biyu a wani ɗan fili, bulo goma yau, ashirin wata mai zuwa. Ginin ya kai linta ya tsaya. Da kuɗin sallamata suka fito na kira kafinta, ya auna ya ce za su rufe ɗakunan biyu cif, amma babu ƙofa, babu taga, babu daɓe. Na gaya wa Yaya don dai in sami wanda zan yi wa ƙorafi. Ya ce in zuba kuɗin a kamfanin fenti shekara ɗaya kacal, riba ta sayi ƙofofi da tagogi, uwar kuɗi ta yi rufi. Ina so a shaida cewa na yi gardama. Kwana biyu na yi ina yi. A rana ta uku na bi shi ofishin dillali na sa hannu.

Shekarar farko ribar ta sayi ƙofa ɗaya, na jingine ta a bayan gadona. Yaya ya ce in ƙara haƙuri, taga na tafe. Shekara ta biyu aka turo wasiƙa a takarda mai sheƙi cewa kamfani ya riƙe ribar don ya ƙara girma. Ta uku ko wasiƙar ba a turo ba. Sai kwatsam wata safiya ga wata takarda daban: wani babban mai kuɗi yana son sayen hannun jarin ƙananan mutane irinmu, zai biya kashi biyu cikin uku na abin da muka saya, kuma tayin zai rufe a ƙarshen wata. Na duba kalanda, saura kwana ashirin da uku.

Ko dai mutumin nan ya hango wani alheri da ba mu hango ba yana son kwashewa a arha, ko kuwa kamfanin ne ke durƙushewa kuma wannan ce dama ta ƙarshe da za a ba mu. Kwanon rufi ya yi tsada a shekara ukun nan. In na sayar, rufin ɗaki ɗaya na samu. In na riƙe, ko in rufe biyu, ko in ƙare rayuwata ina gaida mai gidan haya da ladabi kowane farkon wata. Abin da nake bukata ba shi da yawa: nawa kamfanin ke sayarwa, nawa yake kashewa, me ya rage. Lambobi uku. Na ɗauka tambaya kawai zan yi a ba ni.

Na fara da dillali. Ofishinsa yana saman wani shagon takalma, matakala goma sha tara, na ƙirga su da gwiwata. Yaro ne mai fara'a, ya tsiyaya mini ruwa, ya kira ni Mama sau shida kafin in zauna. Na tambaye shi ko in sayar. Ya ce sayarwa a irin wannan lokaci hikima ce. Na ce to in na riƙe fa. Ya ce riƙewa ma hikima ce, har in ina da saura in ƙara saya. Sai a lokacin na tuna cewa ko na saya ko na sayar, shi dai ladansa na nan. Da na matsa masa kan lambobi, ya juyo mini da allon kwamfutarsa, layuka ja da kore suna hawa suna sauka, ya ce wannan wata manhaja ce ta biya, duk bayanan kamfanoni na ciki. Ya faɗi kuɗin wata. Na mayar da shi kwano a kaina, kamar yadda nake mayar da komai a lokacin, na ga kwano huɗu ne. Kuma ba a biyan wata ɗaya, sai shekara. Na ce ko zai duba mini a tasa tunda ga ta a buɗe. Ya ce tasu ta ofis rajistarta ta ƙare tun bara, wannan hoto ne kawai ya bari don yana ƙawata allo.

Amma ya nuna mini wata da ake gwadawa kyauta na kwana bakwai. Na sa ta a wayata, na ba ta lambar katin bankina tana roƙo kamar 'yar uwa. Gaskiya manhajar ta san duniya. Ta san kamfanonin jiragen sama, da na haƙar zinare, da wani mai sayar da abincin karnuka a ƙasar da ban iya faɗar sunanta ba. Da na rubuta namu sai ta yi ta juyi, daga baya ta kawo lambobin shekara huɗu da suka wuce, lokacin da kowa ke murna. Na ajiye wayar na shiga hidimata. A rana ta takwas aka cire mini kuɗin kwano ɗaya, aka kuma turo mini saƙon godiya.

Akwai kuma ƙungiyarmu ta masu hannun jari a waya, mu ɗari biyu da wani abu. Shugabanta wani tsohon mai sayar da magani ne da ake kira Farfesa, ban san wanda ya ba shi ba. Kowace safiya Farfesa yana da labari daga majiya mai tushe. Litinin ya ce wasu baƙi za su sayi kamfanin, farashi zai ninka sau biyar. Laraba ya ce an ga manaja yana kuka a cikin mota. Na rubuta na tambaya ko akwai wanda ya ga takardar lissafin kamfanin da idonsa. Mutum goma sha ɗaya suka yi mini addu'a, ɗaya ya tallata mini turare, Farfesa ya ce a guji tambayoyin da ke kawo rabuwar kai.

Duk wannan wahala da nake yi Yaya dariya yake mini. Ya ce in zo in ga bayanai na gaskiya, kuma kyauta. Ashe shekara biyu ke nan yana da aikin yi. Kowace safiya yakan hau tsohon babur ɗinsa ya je ya zauna a benci ƙarƙashin wata bishiya, daidai gaban ƙofar da motocin kamfanin ke fitowa. A gabansa gwangwanin madara biyu ne da jakar murafan bawul, irin ƙananan baƙaƙen nan da ake rufe bakin iska da su, ya tara dubbai a zamanin aikinsa. Mota ta fito, ya dubi yadda tayar baya ta kwanta. In ta baje da nauyi, ya jefa murfi a gwangwanin dama. In ta tsaya ƙyam, ya jefa a na hagu. La'asar ya zazzage ya ƙirga. Ya ce akanta yana iya shirya ƙarya a ɗaki mai sanyi, amma taya ba ta san yadda ake yi ba.

Na zauna da shi yini guda. Mota goma sha huɗu suka fito, goma sha uku a dama. Kowace ta wuce sai ya kalle ni ta gefen ido. Na lura tayoyin sun suɗe, wasu har zare ya fito, ga faci a gefe kamar rigar da aka gada. Na nuna masa. Nan fa fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan ne ya ƙara sa shi ƙaunar kamfanin. Da can almubazzarai ne, taya ta ɗan yi ƙaiƙayi su jefar, yanzu sun yi hankali sun san darajar faci. Kamfanin da ke girmama faci, in ji shi, ba zai taɓa wulaƙanta ba.

Maigadin ƙofar ne ya cece ni, shi ma ba da niyya ba. Ya tsallako ya sha inuwa, ya ji ina mita kan kuɗin manhaja, sai ya tambaya ko irin littattafan nan nake nema masu hoton manya a bango. Ya ce suna nan jibge a ɗakin karɓar baƙi, da su ake tare ƙofa kada iska ta rufe ta. Na tashi ban ko kaɗe zanena ba.

Sakatariyar da na tarar ta sa na maimaita buƙatata sau biyu. Ta ce rahoton shekara haƙƙin duk mai hannun jari ne, kyauta, har a waya ana turo mana hanyar ɗaukarsa kowace shekara. Na tuna wasu saƙonni da nake gogewa don na ɗauka na 'yan damfara ne. Ta ce shekara shida tana wurin, ni ce ta biyu da ta zo nema, na farkon mai sayar da gyaɗa ne yana son takardar ƙunshi. Ta zaro mini na shekara uku daga ƙasan tulin, ƙofa ta rufe da kanta, ta ɗaure mini su da igiya. Matakala goma sha tara, da kwano ɗaya, da zagin Farfesa, duk na sha su a kan abin da ke kwance a ƙasa ana tare ƙofa da shi.

Kwana huɗu na yi a kansu da jan biro. Kowane littafi ya fi shafi ɗari biyu. Sittin na farko hotuna ne: shugaba yana murmushi, shugaba yana dasa bishiya, shugaba sanye da hular kwano yana nuna wani abu da yatsa. Lambobin suna can baya, an rubuta su ƙanana sai ka ce ana jin kunyarsu. Yaren akantoci ban iya shi ba, kuma ba zan yi ƙaryar na iya ba. Amma na iya ɗebewa, kuma na san yaron da ya ɓoye amsa a ƙasan shafi. Na jera littattafan uku a kan tabarma, na nemi layi ɗaya a kowanne. Abin da aka sayar yana raguwa kowace shekara. Kayan da ke ajiye a sito sun ninka kusan sau uku. A na ƙarshen kuma wani sabon layi ya ɓullo wanda babu shi a na farko, kuɗin hayar wuraren ajiya. Kuɗin kula da motoci kuwa ya ƙanƙance har ya kusa ɓacewa. Na sake lissafin sau uku ina fatan in kama kaina da kuskure, ban kama ba.

Na kai wa Yaya gida, saura kwana shida. Yana zaune a tsakar gida yana wanke murafansa da tsohon buroshin haƙori. Na shimfiɗa masa littattafan, na bi layi layi da yatsa. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba, sannan ya tambaye ni wa ya rubuta littafin. Na ce kamfanin, kuma wasu akantoci na waje sun duba sun sa hannu. Ya ce to shi da idonsa ya ga mota goma sha uku, ni ma na gani, ko kuwa fentin tashi yake ya koma ciki da dare? Ya kira ni Malama, sunan da yake kirana da shi idan yana son nuna mini cewa boko ya lalata ni. Ni kuma na gaya masa abin da na shekara hamsin ina ajiyewa, ciki har da maganar wata 'yar akuyata da ya sayar ina aji biyu. Matarsa ta ɗauki bokitinta ta shige kicin ta ja ƙofa.

Da muka gaji, na yi masa tambaya ɗaya.

"Yaya, motocin nan in sun fita, ina suke zuwa?"

Ya ajiye buroshin. Shekara talatin da takwas motoci suna tsayawa gabansa, ya cika su da iska, su wuce. Bai taɓa tambayar ko ɗaya inda za ta ba. Ba aikin mai faci ba ne.

"Wurin masu saye mana," ya ce.

"To gobe mu raka ɗaya."

Haka aka yi washegari aka ga tsofaffi biyu a kan babur suna bin babbar mota, shi yana tuƙi da baya a sanƙare, ni ina riƙe da rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ɗankwali. Hayaƙin motar duk a bakina ya ƙare. Yaya ya cika tanki don ya ce tafiyar za ta iya kai mu wani gari. Minti goma sha biyu muka yi. Motar ta bi ta bayan masu sayar da katako, ta karya kwana, ta shiga wani fili mai katanga da dogon sito a ciki.

Direban tsohon abokin cinikin Yaya ne, ya diro da murna yana Baba, Baba, ya riƙe masa babur. Shi ya shigar da mu. Bokitan fenti ne tun daga ƙasa har rufi, layi bayan layi, na can ciki ƙura ta rufe sunan kamfanin. Direban ya ce wannan sito na uku ke nan. Masana'anta ba ta daina yi ba don manya ba sa son a ce injin ya tsaya, shaguna kuma ba sa ɗauka don wani fenti mai arha ya shigo kasuwa. Su dai aikinsu su kwaso daga can su jibge a nan. Wani lokaci in mai sito ya ƙara kuɗin haya, su kwashe su mayar cikin masana'anta ta ƙofar baya, bayan sati biyu su sake fitowa da su ta gaba. Ya ce akwai bokitan da ya ɗauka sau huɗu, har ya san su. Na yi lissafi a raina cewa Yaya ya jefa wa bokiti ɗaya murfi huɗu.

Yaya bai tsaya jin ƙarshen bayanin ba. A gefen filin akwai wata mota da aka ɗaga da jak, an cire mata ƙafa ɗaya, tub ɗin cikin tayar yana yashe a ƙasa. Can ya nufa. Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki tub ɗin yana juyawa. Faci ne a kan faci, na ƙirga goma sha ɗaya. Ya tsaya a kan wani guda ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Kowane mai faci zagaye yake yanka robarsa, Yaya kaɗai ke yanka tasa da kusurwa takwas, don ya ce ta fi kamawa. Wannan mai kusurwa takwas ce.

"Shekarata biyar da barin aiki," ya ce, ba da ni yake ba. "Wannan tub ɗin ko a keken yara bai kamata a same shi ba."

Direban ya ce rabon da a ba su sabuwar taya har ya manta, faci ma daga aljihunsu suke biya. Yaya ya ajiye tub ɗin a hankali. A hanyar komawa, da muka zo wani rami, ya ce in riƙe da kyau.

Kwana biyu bayan haka na sake hawa matakalar dillali na sayar. Ya ce na yi hikima. Wata biyar da rufe tayin farashin ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka ba mu, Farfesa ya sanar da ƙungiya cewa dama shi ya faɗa. Kamfanin dai yana nan har yau, bai mutu ba bai warke ba.

Da yammar ranar da na sayar Yaya ya zo ɗakina na haya. Bai zauna a kujerar da ya saba ba, ya tsaya daga bakin ƙofa ya cire hularsa yana murzawa.

"Auta, na cuce ki," ya ce. "Ni na yi kuskure. Ke ce da gaskiya."

Tun ina yarinya nake jiran kalmomin nan. Na sha shirya yadda zan karɓe su, har da irin kallon da zan yi masa. Da suka zo sai na ji ba na son su ko kaɗan. Na ga wani tsoho mai lanƙwasasshen baya a ƙofata, kansa duk furfura, kuma wanda nake kai wa ƙara tun mutuwar mahaifinmu babu shi a ɗakin. Tsoro ya kama ni, tsoron kuma ya fito a faɗa. Na ce ya mayar da hularsa kada sanyi ya kama shi ya ƙara mini wata hidimar, ni na sa hannu da hankalina, ba wanda ya riƙe mini biro. Ya mayar da hular. Na haɗa masa shayi, ya sha rabi ya tafi.

Kuɗina sun rufe ɗaki ɗaya kamar yadda na lissafa, na kafa ƙofata guda, na toshe taga da katako, na tare. Ranar da kafinta ke buga kwanon ƙarshe sai ga mai kura ya shigo da wasu guda biyar ɗaure da igiya, Yaya na biye da shi a babur. Ashe shi ma ya sayar da nasa hannun jarin, abin da ya samu ke nan gaba ɗaya. Ɗaki na biyu kwano goma sha takwas yake buƙata. Na ce ya mayar, ya ce ba a mayar da kwano. Kafinta ya dube mu, ya dubi sama, ya hau ya buga su a kusurwa ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya zo gidana yakan tsaya yana kallon ɗaki mai rufi a gefe guda. A ƙarƙashin kwano biyar ɗin na sa kujera, nan Yaya ke zama in ya zo, yana duban sauran sararin yana motsa baki kamar mai ƙirge.

Matsalar ita ce kwano biyar ɗin nan gangarowa suke yi zuwa bangon da ya raba ɗakunan. In aka yi ruwa, duk abin da suka tara sai ya bi ta ƙarƙashin bangon ya shigo inda nake kwana. Kafinta ya ce abu mai sauƙi ne, a cire su kawai har sai an sami sauran. Na ce ya bar mini kayana.

Duk ranar da hadari ya zubar, kafin ya gama ɗaukewa wayata za ta yi ƙara. Yaya ne, yana tambaya ko rufin ya riƙe, ko nasa ɓangaren ya taimaka ko da kaɗan. Nakan ce masa ya taimaka ƙwarai, a bushe nake, ya kwantar da hankalinsa. Sai in maƙale wayar a kafaɗa in ci gaba da tura ruwa waje da tsintsiya, a hankali, don kada ya ji.